Allon Gano Yoyon Gas: Yadda Yake Aiki da Ma'anar Fitilunsa

A Kankia, wadda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, tukunyar gas tana samun shiga a gidajen ma'aikata da shagunan masu sayar da abinci. Duk inda ake ɗura gas kuwa, akwai haɗarin yoyo. Fashewar da ta auku a wani shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, cikin Janairun 2020, wadda ta yi sanadin rasuwar shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, Farfesa Simon Mallam, ta nuna irin ɓarnar da yoyo ke iya yi. Allon gano yoyon gas na'ura ce da aka ƙera domin ta yi gargaɗi tun kafin abin ya kai ga haka.

Gas ɗin girki haɗi ne na furofen da butan. Ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya yi yoyo sai ya kwanta ƙasa, ya taru a kwata da ramuka. Shi ya sa ake kafa na'urorin shinshina kusa da ƙasa, kimanin santimita 30 daga daɓe, a wajen famfon ɗuri da gindin tanki. Kowace na'ura tana aika saƙo ta waya zuwa allon, wanda galibi ake rataye shi a ofis. Warin da ake ji a jikin gas ƙara masa aka yi da gangan, amma hanci yana sabawa da wari, kuma da dare babu mai shinshinawa sai mai gadi.

Lambar da allon ke nunawa ana auna ta da mizanin LEL, wato mafi ƙarancin gas da zai iya kamawa da wuta idan ya gauraya da iska. Ga furofen, wannan iyaka kusan kashi 2.1 cikin 100 na iska ce. Idan allon ya nuna 0, babu gas a wurin. Idan ya nuna 20, an kai kashi 20 cikin 100 na wannan iyaka. Idan ya kai 100, tartsatsi ɗaya ya isa. A wurare da yawa ana saita gargaɗin farko a 20, na biyu a 40, wasu kuma sukan saita ƙasa da haka.

Koriyar fitila tana nufin allon yana samun wuta kuma yana aiki. Rawaya tana nuna matsala a jikin na'urar kanta: waya ta tsinke, na'urar shinshina ta lalace, ko batir ya yi sanyi. Wannan ita ce fitilar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali muddin tana kunne, wani sashe na wurin ba shi da mai tsaro. Jar fitila da ƙarar jiniya suna nufin an gano gas, kuma allon zai nuna sashen da abin ya faru. A wasu tashoshi, gargaɗi na biyu yana rufe bawul ɗin tanki ya kuma tsayar da famfo da kansa.

Akwai maɓallai uku da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Na kashe ƙara yana tsayar da jiniya kawai, jar fitila za ta ci gaba da ci domin gas ɗin bai tafi ba. Na mayar da allo yana share gargaɗi, kuma ba a taɓa shi sai an gano inda yoyon yake, an gyara, lambar ta sauko. Na gwaji yana kunna fitilu da jiniya domin a tabbatar suna aiki.

Idan jiniya ta yi ƙara, a dakatar da ɗuri nan take, a rufe bawul, a fitar da masu saye zuwa ɓangaren da iska ke tasowa. Kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a tayar da babur, mota ko janareta a kusa. Idan lambar tana hawa, a nisanci wurin sannan a kira hukumar kashe gobara. Ana neman wurin yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Ƙurar hunturu takan toshe bakin na'urar shinshina, ruwan damina yakan shiga wayoyi, kuma feshin mai ɗauke da silikon yana kashe irin na'urar da ke aiki da ɗan zare mai zafi. Don haka ana buƙatar ƙwararre ya gwada ta da gas na musamman, yawanci duk wata shida ko yadda kamfanin da ya ƙera ta ya tsara, a kuma rubuta ranar a littafi. A riƙa duba batir ɗin ko-ta-kwana, saboda allon da ya mutu lokacin da aka ɗauke wuta ba zai yi gargaɗi ba.

Tun bayan Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, hukumar NMDPRA ce ke ba tashoshin gas lasisi. Mai saye ma yana da abin dubawa: kafin ya miƙa tukunyarsa, ya lura ko akwai na'urar shinshina da abin kashe gobara kusa da famfo, ya kuma tambaya ko allon yana kunne.