Amanar Kwari

Ranar da mahaifina ya fara kai ni Kantin Kwari ban cika shekara goma sha uku ba. Dillali ne, ba shi da shago, ba shi da ko tebur. Muna tsaye a bakin wani kanti sai ga baƙo daga Maraɗi yana neman atamfa dila biyu. Baba ya ba shi benci ya zauna, ya shige wani lungu, jim kaɗan ya dawo da 'yan dako ɗauke da kaya. Bai sa hannu a takarda ba, bai bar jingina ba. Bayan la'asar ya kai wa mai kaya kuɗinsa, aka cire masa la'adarsa a gabana. A hanyar gida na ce, "Baba, da ka gudu da kayan fa?" Ya tsaya ya dube ni. "In gudu zuwa ina? Kai kuma gobe wa zai ba ka?"

Wannan yarda ta girmi Kwari nesa ba kusa ba. Fagge, inda kasuwar take a Kano, zango ce tun asali, ana ma danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A nan, bayan ganuwa, ayarin Buzaye ke sauke gishirin Bilma, su huta da raƙumansu, su sayi hatsi da baƙin rini su koma arewa. Baƙon da ya yi makonni a hanya bai san farashin gari ba, bai san wa ke biya wa ke ci ba. Mai masaukinsa ne idonsa. Shi zai ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. In mai saye ya ƙi biya, mai masauki ne zai biya daga aljihunsa, domin in baƙo ɗaya ya koma da kuka, baɗi ayarin duka gidan wani zai sauka. Daga nan ƙa'idojin suka fito, kuma har yau ban ga inda aka rubuta su ba. Ba ka ƙwace baƙon wani. Ba ka shiga ciniki alhali ɗan'uwanka bai gama tayi ba, abin da addini ma ya hana. In ka ce "na sallama", ciniki ya faɗa, ko da wani ya zo da ninkin kuɗin kafin a ɗauke kayan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin akawuna da ma'aikatan da suka zo daga kudu. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauye ba. Sai suka riƙa ba manyan fatake kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su shiga karkara. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya riga ya goge a fataucin goro na Gwanja kafin ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC. Abin da ya kawo wa gyaɗa shi ne mutanen da zai danƙa wa jakar kuɗi ya kwana da barci. Ana yawan nuna mana hoton dalar gyaɗa. Ni in na dube ta, hannuwan da kuɗin ya bi ta cikinsu nake tunawa, har ya kai ga manomi, ba a ci ba.

Kwara kuwa, wato 'yan Lebanon da Siriya, a Fagge ta Kudu suka kafa kantunansu na yadi, ana ma cewa sunansu ne ya bi kasuwar. Da yawa daga cikin attajiran da na tarar a tebur suka fara, a ƙofar kantin Kwara: a ba su turmi goma da safe, su kawo kuɗi da yamma. Wanda ya cika, gobe a ba shi ashirin. Haka 'yan canjin Wapa, unguwar da ta ci sunan tsohuwar silima, waɗanda harkarsu ta bunƙasa bayan da darajar naira ta fara zubewa a 1986. Mutum zai karɓi dala ko sefa daga hannun maƙwabcinsa da kalma ɗaya, sai dare a yi lissafi. Wanda ya ci amana ba a cika kai shi kotu ba. Dattawa za su zaunar da shi, a ba shi lokaci. In ya sake, sai kawai ya wayi gari kowa na amsa sallamarsa, babu mai ba shi kaya.

Amma ana bambanta maci amana da wanda ya karye. Da gobara ta cinye kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, na ga masu bin bashi sun je jaje ba su ɗauko zancen kuɗi ba. Wani da na sani, Bahaushe, ya sake ba abokin cinikinsa Inyamuri kaya a kan tsohon bashin da ya ƙone, ya ce ya fara juyawa tukuna.

Inda nake da ƙorafi shi ne sallamar yara. Amanar nan da muke alfahari da ita igiya ce mai baki biyu. Yaron shago ya riƙe maka mabuɗi, ya kwana a kan kayanka, kai kuma ka yi masa aure, ka yanka masa jari, ka kai shi wurin waɗanda ke ba ka kaya ka ce, "Wannan ɗana ne, ku ba shi." Wannan kalma ta fi jarin tsada. Maƙwabtanmu na Sabon Gari sun ɗaure nasu tsarin da kyau: tun ranar da za a kawo yaro ake yanka shekarun da zai yi, a gaban danginsa, kuma ubangidan da ya ƙi sallama zai sha kunya har garinsu. Mu mun bar abin ga imanin maigida. Da can ido ya isa ya tilasta shi, domin dattawan layi za su tare shi bayan sallar azahar su ce, "Alhaji, yaron nan fa ya isa." Yanzu kasuwa ta cika ta batse, kaya daga Sin suke zuwa a kwantena, maigida yana Guwanzu ko Dubai, maƙwabcinsa bai san sunan yaransa ba.

Akwai wani da muka fara zaman kasuwa tare. Shekararsa goma sha tara a shago ɗaya, yana da 'ya'ya huɗu a gidan haya a Kurna, bai taɓa cin ko yadi ɗaya ba. Makon jiya na biya ta wurinsa na ce ko in yi wa Alhaji, maigidansa, magana. Ya ce in bari tukuna, Alhaji ya ce bayan salla. Ya juya ya ci gaba da jera shadda, mabuɗan suna rataye a wuyansa.