Tara ce ko Haraji? Tarihin Gwamnati da Kuɗin Abin da Ta Haramta



Wata Laraba da daddare ina gabatar da shirinmu na Hausa a gidan rediyon da nake aiki a nan Ankara, kamar yadda mu 'yan zango muke kiran birnin Accra, sai muka buɗe layi ga masu sauraro a kan dokar miyagun ƙwayoyi. Wani dattijo daga Maamobi ya kira. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba, amma ina da tambaya. An kama jikana da ƙullin wiwi, kotu ta ce sidi 2,400. Muka sayar da keken ɗinkin uwarsa muka biya. Ba a yi wata uku ba ya koma gidan jiya. To wannan kuɗin da muka kai, tara ce ko haraji?"

Na ce, "Baba, ai tara ce."

Ya ce, "In tara ce, me ya sa yaron bai daina ba? In kuma haraji ne, ina aikin da aka yi mana da shi?"

Na rasa abin faɗa, na sa talla. Amma tambayar ta bi ni har gida, ita ce ta sa na yi makonni ina tonon tarihi. Abin da na gano shi ne, tambayar Baba ta girme shi, kuma alƙalan manyan kotunan duniya ma sun yi gumi a kanta.

Bari mu fara daga gida. Tun kafin a san wiwi a ƙasar nan, abin da hukuma ta fara hanawa da dama tana karɓa da hagu shi ne barasa. A yarjejeniyar Brussels ta 1890, ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Wannan ya sa arewacin Gwalkwas da arewacin Nijeriya suka zama wuraren da aka haramta ta. Amma a bakin teku fa? Nan jiragen ruwa suka ci gaba da sauke akwatunan jin na Holan, kuma kuɗin fiton da ake karɓa a kansu ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin mulkin mallaka. Wato gwamnati ɗaya, baitulmali ɗaya: abin da yake laifi a Tamale, shi ne yake biyan albashi a Ankara.

Da koke-koken sarakuna da malaman coci suka yi yawa, sai a 1930 aka kafa dokar rage shigo da jin sannu a hankali har a daina cikin shekara goma, aka kuma tsananta haraji da kuɗin lasisi. Talaka ya kasa sayen kwalbar Bature. Sai mutane suka koma daji da tukunya da bututu, suna dafa tasu daga bammi. Mutanen Ga suka raɗa mata suna akpeteshi, wato abin da ake yi a ɓoye. Gwamnati ta haramta ta, ta shiga kame. Masanin tarihi Emmanuel Akyeampong, wanda ya wallafa littafi a kan tarihin barasa a Gana a 1996, ya nuna yadda damuwar hukuma ta haɗa da asarar kuɗin shiga, ba lafiyar jama'a kaɗai ba, domin duk kwalbar da aka dafa a ɓoye, kuɗin fiton kwalba guda ya salwanta ke nan. An yi ta wannan ɓuya da kame har bayan samun 'yancin kai. A 1962 gwamnatin Kwame Nkrumah ta halatta akpeteshi, aka tara masu dafawa cikin ƙungiyoyin haɗin kai, aka sa musu lasisi. Abin da jiya ake ɗaure mutum a kansa, yau ya zama sana'a mai rasit.

A cikin waɗannan shekaru ne Nima ta tashi. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, falken shanu, ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao, baƙi suka yi ta sauka: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Farafara. Unguwar ta daɗe a wajen iyakar hukumar birni, babu famfo, babu magudanar ruwa, kowa tasa ta fisshe shi. Wani Bature mai nazarin zamantakewa, Keith Hart, ya zauna a Nima a tsakiyar shekarun 1960, kuma daga abin da ya gani a lungunanmu ne ya fito da ra'ayin da duniya ta ɗauka tun 1973, na tattalin arzikin da ba ya cikin littafin gwamnati. A jerin sana'o'in da ya lissafa akwai halal, kamar talla da ɗinki da dako, akwai kuma sayar da ƙwaya da fasa-ƙwauri da cin hanci. Ashe tun wancan lokaci kuɗin haram yana yawo a unguwa, kuma akwai masu yankar rabonsu a ciki ba tare da rasit ba.

To amma shin akwai inda hukuma ta fito fili ta ce, "Wannan abu haramun ne, amma in kana riƙe da shi ka biya ni haraji"? Akwai, mai karatu. Sai dai mu tsallaka teku zuwa Amurka, inda kowace jiha take da ikon sa harajinta, ba kamar Gana ba da muke da yankuna 16 amma hukumar haraji ɗaya.

Tushen abin shi ne, Amurkawa sun daɗe da yarda cewa mai karɓar haraji ba ruwansa da inda ka samo kuɗi. A 1927 Kotun Ƙoli ta ce ko kuɗin da aka samu ta haramtacciyar hanya sai an biya masa haraji. Da wannan igiya aka ɗaure gawurtaccen ɗan daban Chicago, Al Capone, a 1931. Ba a kan kisa aka same shi ba, a kan ƙin biyan haraji aka yanke masa shekara 11. Daga nan sai aka ga cewa haraji ma tarko ne. A 1937 gwamnatin tarayya ta kafa dokar harajin wiwi. Dokar ba ta ce an haramta ganyen ba. Cewa ta yi duk mai mu'amala da shi ya yi rajista, ya sayi kan sarki: dala ɗaya a kan kowace oza ga mai rajista, dala 100 in za a miƙa wa marar rajista. Wa zai iya? Kuma wanda ya je neman takardar, ya kai kansa ke nan, domin jihohi sun riga sun haramta ganyen.

Wannan tarko ya yi shekara 32 yana kama mutane, sai ya kama wanda ya fi ƙarfinsa. A 1965 aka tsare wani tsohon malamin jami'ar Harvard, Timothy Leary, a garin Laredo na kan iyakar Meziko da ɗan wiwi kaɗan, aka yanke masa shekara 30. Ya ɗaukaka ƙara, yana cewa tsarin mulki ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa, alhali biyan wannan haraji amsa laifi ne da bakinka. A 1969 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Shekara ɗaya bayan haka majalisa ta soke dokar, ta haramta wiwi kai tsaye ba tare da kewaye-kewaye ba.

Sai jihohi suka ɗauka daga inda tarayya ta ajiye. Arizona ce ta fara a 1983, kuma kafin tsakiyar shekarun 1990 jihohi fiye da ashirin sun bi sahu. Sun koyi darasi daga shari'ar Leary, saboda haka suka ce mai sayen kan sarkin ba sai ya faɗi sunansa ba, kuma ofishin haraji ba zai miƙa bayaninsa ga 'yan sanda ba. Mu ɗauki jihar Karolina ta Arewa, wadda tata dokar ta fara aiki a 1990. Duk wanda yake riƙe da wiwi fiye da giram 42.5, ana binsa dala uku da rabi a kan kowane giram. Hodar iblis kuwa dala 50 ce kowane giram. An ba shi awa 48 ya sayi kan sarki ya manna a jikin kayan. Abin da ya ba ni dariya, har barasar da ake dafawa a ɓoye, wato akpeteshinsu, tana cikin jerin. Kan sarkin kuma ba ya halatta komai. In an kama ka, ka sha ɗauri ko da ka manna.

To wa zai saya? Kusan babu, in ban da masu sha'awar tara kan sarki. Ainihin aikin dokar yana farawa ne bayan kame. Da zarar an kama mutum, sai ofishin haraji ya aiko da takardar bashi, ga haraji, ga tarar jinkiri, ga kuɗin ruwa. Ana iya riƙe mota ko kuɗin banki ba tare da jiran hukuncin kotun laifi ba. A Karolina ta Arewa kashi 75 cikin ɗari na abin da aka karɓo ta wannan hanya yana komawa ga hukumar tsaron da ta yi kamen. Hausawa suka ce ba a ba kura ajiyar nama. In wanda ya kama ka shi ne zai ci ribar kamen, to ranar da za a daina sha ita ce ranar da tukunyarsa za ta daina tafasa.

Nan ne tambayar Baba ta isa gaban alƙalai. A jihar Montana aka kama iyalin Kurth, manoma da bashi ya ci musu gona suka koma noman wiwi. Bayan kotu ta hukunta su, jihar ta biyo su da haraji na kusan dala 900,000. A 1994 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce wannan ba haraji ba ne. Abin da ba a karɓarsa sai an kama mutum, kuma ake ɗora shi a kan kayan da hukuma ta riga ta ƙwace ta ƙone, hukunci ne na biyu a kan laifi ɗaya, ko da an sa masa rigar haraji. Jihar Tenesi ma ta kafa irin tata a 2005, babbar kotun jihar ta rushe ta a 2009. Wasu jihohin kuwa sun gyara lafazi sun ci gaba da karɓa.

'Yan'uwanmu na Nijeriya sun san ƙanin wannan rikici. Hisbah tana farfasa kwalaben giya a Kano, amma harajin sayen kaya da ake tarawa a asusun tarayya, har da na giyar da aka sha a wasu jihohin, ana raba shi ga kowa. Wannan na cikin abin da aka yi ta jifan juna da shi a 2021, lokacin da jihar Ribas ta yi nasara a kotu a kan wa ya kamata ya karɓi harajin.

Mu dawo Nima. Gana ba ta taɓa buga kan sarkin wiwi ba. Hanyarmu ta dā sanda ce zalla. Dokar soja ta 1990, mai lamba 236, ta ce wanda aka samu da ƙwaya ba zai yi ƙasa da shekara goma a kurkuku ba. Mu da muka tashi a zango mun san gidajen da wannan doka ta shiga. Yaro ya tafi Nsawam yana ɗan shekara ashirin saboda ƙulli biyu, ya fito uwarsa tana kabari. A 2020 majalisa ta kafa sabuwar doka mai lamba 1019. Ta ce wanda aka samu da ƙwaya don shan kansa, tara zai biya, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa kuma ya yi zaman da bai wuce wata 15 ba. Dokar ta kuma buɗe ƙofar ba da lasisin noman wani nau'in wiwi marar sa maye don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022 saboda yadda aka shigar da shi ba tare da muhawara ba, majalisa ta maido da shi a 2023.

Ba na musun cewa an samu sauƙi. Tara ta fi shekara goma, ko makaho ya shafa ya ji. Amma ku dubi yadda abin yake sauka a ƙasa. Ɗan mai hali da aka kama a East Legon, kafin la'asar an biya an wuce wurin. Ɗan mai kokon Maamobi kuwa, ko dai a sayar da jarin gida, ko ya yi wata 15. Doka ɗaya ce, amma ga wani kuɗin shiga sinima ce, ga wani kuma rushewar gida. Ga kuma wancan tsohon harajin da Keith Hart ya gani tun kakanninmu, wanda ake karɓa a bakin lungu da tsakar dare ba rasit. Duk matashin da yake zama a bes ya san farashinsa. Yanzu kuma ga tiramol ta shigo ta tarar da wiwi.

Abin da na koya daga wannan tarihi, tun daga jin na Holan har zuwa kan sarkin Karolina, shi ne sunan kuɗi ba ya nuna halinsa. Abin dubawa shi ne aljihun da ya fito da kuma inda ya sauka. In ya fito daga keken ɗinkin uwa ya faɗa baitulmali ya ɓace, yaron kuma ya koma geto, to an yi ciniki ne kawai da ciwonmu. Sabuwar dokar da kanta ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, ta kuma yi maganar magani da gyaran hali. Hakkinmu ne, mu da sarakunan zango da limamai da 'yan majalisarmu na Ayawaso, mu riƙa tambaya da ƙarfi: nawa aka tara daga wannan tara, kuma gado nawa aka ƙara da shi a wurin jinyar masu shaye-shaye irin na asibitin Pantang?

Mako biyu bayan wancan shiri na sake buɗe layi, na ba da wannan tarihi a taƙaice, ina fatan Baba yana saurare. Ana saura minti biyar mu rufe sai ga shi. Ya ce, "Ɗana, na ji. Ashe har Turawan ma ba su rabe ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "To ni keken ɗinkin ya riga ya tafi. Ka tambayo mini inda ake kai yaro a yi masa magani, ko nawa ne."

Na karɓi lambarsa bayan shiri, washegari muka fara nema.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.