Yadda Kaset Ya Koyi Rera Waƙa

Ba domin kiɗa aka ƙirƙiri kaset ba. A lokacin da kamfanin Philips ya baje kolinsa a bikin nunin kayan rediyo na Berlin a shekarar 1963, burin Lou Ottens da injiniyoyin da yake jagoranta shi ne su samar da abin ɗaukar magana wanda zai shiga aljihun kwat. Wannan buri ne ya yanke wa kaset iyakarsa tun daga haihuwa. Faɗin zarensa milimita 3.81 ne kacal, gudunsa kuwa santimita 4.76 a daƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin takwas na gudun manyan zaruruwan da ɗakunan ɗaukar waƙa suka saba aiki da su.

A nan matsalar take. Sauti yana kwanciya ne a kan garin ƙarfe mai maganaɗisu da aka shafe zaren da shi. Idan zare ya yi siriri kuma yana tafiyar hawainiya, ƙwayoyin da ke ɗaukar kowace daƙiƙa ta waƙa ba su da yawa, sai hucin zaren ya fito fili, siraran sautuka kuma su dushe. Saboda haka masu kunnen tantance sauti suka riƙe faifan garmaho da manyan zaruruwansu, suka ɗauki kaset abin wasan yara.

Abubuwa uku suka sauya wannan hukunci. Na farko shi ne dabarar Ray Dolby, injiniya ɗan Amurka da ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965. Tsarinsa na Dolby B, wanda ya fito a 1968, yana ɗaga siraran sautuka marasa ƙarfi yayin ɗauka, ya mayar da su matsayinsu yayin kunnawa, hucin ya sauka tare da su. Na biyu shi ne sabon shafe: zaren kuromiyam ya shigo kasuwa a farkon shekarun 1970, na tsantsar ƙarfe ya biyo baya a ƙarshensu, kowanne ya fi na gabansa riƙe sauti mai kaifi. Na uku shi ne na'urar kanta. Rikodar Advent 201 ta 1971 ta haɗa Dolby da zaren kuromiyam. A 1973 kamfanin Nakamichi na Japan ya fito da samfurin 1000 mai kawuna uku, na gogewa daban, na ɗauka daban, na kunnawa daban. Samfurinsa Dragon na 1982 har daidaita kusurwar kansa yake yi da kowane zaren da aka saka masa. A kan irin waɗannan na'urori, kaset ya kai matsayin da ba kowane kunne ke rabe shi da faifan da aka kwafo shi ba.

To me ya sa yawancin mutane suke tuna kaset da muryar da ta shaƙe? Domin ba wannan kaset ɗin suka saurara ba. Kamfanoni kan buga na kasuwa da gudu mai yawa a kan zare mai araha. Bayan Sony ta fito da Walkman a 1979, sauraro ya koma kan hanya da cikin mota, inda zafi ke lanƙwasa roba, batir mai rauni kuma ya sa murya ta riƙa rawa. A ƙasar Hausa, inda kaset ya kai waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da tafsirin malamai lungu da saƙo, abin da ke isa hannun mai saye sau da yawa kwafin kwafi ne. Kowace kwafa tana ƙara huci, tana cinye kaifin murya. Laifin na hanyar da kaset ya biyo ne fiye da na kaset ɗin.

Wannan bambanci yana da nauyi a yau. Akwai wasannin makaɗa da karatuttuka da hirarrakin dattawa da ba su tsira a ko'ina ba sai a kan zare, zaren kuwa yana tsufa. Wanda ya juye shi zuwa kwamfuta da rikoda mai dattin kai ko karkatacciyar kusurwa zai adana muryar da ta dushe, ya zaci iyakar abin da ke ciki ke nan, wataƙila ma ya jefar da asalin. Alhali goge kai, da daidaita kusurwarsa, da duba ko da Dolby aka ɗauki kaset ɗin, kan fito da amon kalangu da kukuma da aka daɗe ba a ji ba. Ottens ya rasu a 2021 yana da shekara 94, ya bar zaren da sau da yawa yake ɗauke da abin da ya fi wanda masu shi suka taɓa ji.