Pawa Sitiyari: Tarihinsa da Sabunta Shi a Tsofaffin Motoci

Pawa sitiyari, wanda direbobi da makanikai ke taƙaitawa su ce pawa, tsari ne da ke ƙara wa hannun direba ƙarfi wajen juya tayoyin gaba. A nau'insa na mai, bel ɗin inji ne ke juya famfo, famfon ya matsa man, wani bawul kuma ya tura shi gefen da direba ya karkata.

Asali

Nauyin manyan motoci ne ya haifar da shi. Francis W. Davis, wanda ya yi aikin injiniya a sashen manyan motoci na kamfanin Pierce-Arrow a Amurka, shi ya gwada na farko mai aiki sosai a 1926. Ya kai fasahar zuwa General Motors, kamfanin ya ga tsadarta ta yi yawa, sai ya koma aiki da kamfanin Bendix. Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe mata kasuwa, domin motocin soja masu sulke sun fi ƙarfin damtse. A 1951 Chrysler ya sa ta a motar Imperial da sunan Hydraguide, Cadillac ya biyo baya a 1952.

Zamanin motoci masu ƙaton inji

Daga 1964, da fitowar Pontiac GTO da Ford Mustang, sannan Dodge Charger a 1966, Amurka ta shiga yayin motoci masu inji mai silinda takwas. Injin ya danne tayoyin gaba da nauyi, don haka masu saye da yawa suka riƙa ƙara kuɗi a sa musu pawa. Motocin General Motors sun yi amfani da akwatin sitiyari da famfo na sashen kamfanin na Saginaw. Mustang na farko-farko kuwa silinda aka maƙala a sandunan da ke juya taya, tsarin da ya yi suna wajen yoyon mai. Kukan da aka fi yi da pawar wancan zamani shi ne laushi fiye da kima: direba ba ya jin hanya a hannunsa, kuma sai ya juya sitiyari kusan sau huɗu daga ƙarshe zuwa ƙarshe.

Masu adana waɗannan motoci a yau suna sabunta su ta hanya uku. Wasu kan canza akwatin da mai saurin amsawa, irin mai lissafin 12.7 zuwa 1, wanda ke rage juyin zuwa kusan uku. Wasu kan cire akwatin su sa rak, wato sanda mai haƙora irin ta ƙananan motocin yanzu. Wasu kuma kan sa pawa ta lantarki, wadda ta fara fitowa a Suzuki Cervo a 1988. Ba ta buƙatar famfo, tiyo ko mai.

A Arewacin Nijeriya

Irin waɗancan motocin Amurka ba su yaɗu a Arewa ba. Peugeot ce ta mamaye hanya, musamman bayan kamfanin PAN ya fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, kuma akasarinsu da ƙarfin hannu ake juya su. Pawa ta zama ruwan dare ne da shigowar motocin gwanjo na Turai da Japan, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, daga shekarun 1990.

Misali, Potiskum, a Jihar Yobe, tana kan babbar hanyar Maiduguri, kuma ta shahara da kasuwar shanu, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da harkar tireloli. Saboda haka matsalar da ta sa Davis aiki ita ce ta garin: mota mai lodin shanu ko hatsi da dole ta yi kwana a wuri matsattse. Tsofaffin manyan motoci da faɗin sitiyari suke rage wa direba wahala; tirelolin yanzu da pawa suka dogara. Aikin da ya fi kai su gareji shi ne yoyon tiyo, mutuwar roba mai tare mai, saken bel, da kukan famfo idan mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga. Zafi da ƙura suna gaggauta duk waɗannan.

Akwai wani aikin da ya shafi tarihin ƙasa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, sitiyari ya koma hagu. Motocin gwanjo masu sitiyari a dama sai an juya su, aikin da ke taɓa rak, tiyo da burki gaba ɗaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan motoci, domin juyin da ba a yi shi daidai ba kan sa sitiyari ya ƙwace wa direba a tsakiyar gudu.