Tantance tsohon agogo ta hanyar kundin kamfani

Tantance tsohon agogo ta hanyar kundin kamfani hanya ce ta gane ko agogon hannu ko na aljihu na asali ne ko jabu. Ana kwatanta lambobin da ke jikin agogon da abin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta a kundinsa. Dillalai, kamfanonin gwanjo da gidajen tarihi ne suka fi bin wannan hanya, domin agogo biyu masu kama ɗaya a ido kan bambanta ƙwarai a kuɗi.

Lambobin da ake dubawa

Lambobi uku aka fi dubawa: lambar inji, wadda sai an buɗe murfin baya ake ganinta, da lambar jikin agogo, da lambar samfuri mai nuna ƙirarsa. A tsofaffin Rolex, sai an cire madauri ake ganin lambobin jiki. Lambar agogon tana gefen ƙarfe shida, ta samfuri kuma tana gefen ƙarfe goma sha biyu.

Kundin kamfanoni

Manyan kamfanonin Suwizalan sun daɗe suna rubuta abin da ya fita daga masana'antunsu. Kundin Patek Philippe da ke Jeniba ya faro daga 1839, shekarar da aka kafa kamfanin. Wanda ya aika da lambobi da hotunan agogonsa, ya kuma biya kuɗi, yana iya samun takardar kundi mai nuna samfuri, shekarar ƙira da ranar da aka fara sayar da shi.

Longines, da ke garin Saint-Imier, yana bai wa agogunansa lamba bi da bi tun 1867. Takardarsa kan nuna ranar da agogon ya fita da wakilin da aka aika wa. Kamfanin ya kuma raba takardar kundi da takardar shaidar asali, wadda ba ya bayarwa sai masu gyaransa sun buɗe agogon sun duba.

Rolex ba ya bai wa jama'a irin wannan takarda. Masu tara agogo ne suka haɗa jadawalin lambobi da shekaru, don haka abin da jadawalin ke bayarwa ƙiyasi ne. Daga wajen 2010 kamfanin ya daina jera lambobinsa, ta yadda ba a gane shekara daga lamba.

Iyakar takardar kundi

Takardar kundi tana tabbatar da cewa kamfani ya taɓa ƙera agogo mai wannan lamba. Ba ta tabbatar da cewa wanda ke hannun mutum shi ne, ko kuma kayan cikinsa ba a sauya su ba. Ana iya zana lambar gaskiya a kan jabu. Ana kuma harhaɗa inji, fuska da jiki daga agogo daban-daban su zama ɗaya, abin da 'yan kasuwar ke kira agogon Frankenstein.

A watan Nuwamban 2021, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster da aka ce ƙirar 1957 ne a Jeniba, a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan. Kamfanin Omega da kansa ne ya saye shi domin gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa harhaɗa agogon aka yi daga sassan wasu, ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Wannan ya nuna cewa takarda ba ta wadatarwa sai an haɗa da binciken ƙwararre.

A ƙasar Hausa

A Kano da sauran biranen Arewa an san agogunan Seiko, Rado, Citizen da Orient. Agogo yana cikin tsarabar da alhazai ke dawowa da ita daga Makka, yana kuma shiga kayan lefe. Buƙatar tantancewa kan taso wajen sayen na hannu, ko wajen rabon gado, inda ake yi wa kayan mamaci ƙima kafin a raba.

Tsohon Seiko yana da sauƙin dubawa, domin lambar da ke murfin bayansa, galibi mai alamomi shida, tana ɗauke da lokacin ƙira. Alamar farko ita ce lambar ƙarshe ta shekara. Ta biyu wata ce: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, sai O, N da D na Oktoba, Nuwamba da Disamba. Lambar da ta fara da 7N tana nufin Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 7, kamar 1977, 1987 ko 1997. Nau'in inji ne ke raba gardama: injin 7S26 ya fito ne a 1996, saboda haka agogon da ke ɗauke da shi ba zai zama na 1987 ba. Ana rubuta sunan injin a murfin baya, kuma tilas ya dace da wanda aka zana a jikin injin. Idan mai gyaran agogo ya buɗe ya tarar sun saɓa, an sauya ɗaya daga ciki.