Yadda Ganye da Fure Suka Hau Allurar Zazzagawa

Kafin fure ya hau zanen gadon amarya a Tudun Wada, allurar Zazzau ta yi zamani mai tsawo ba ta zana ganye ko ɗaya ba. Idan muka koma ƙarni na 19, ɗinkin hannu aikin maza ne, yawancinsu malamai da almajirai, a zaure ko a gindin bishiya. Mai zayyana ya zana da tawada, maɗinki ya bi sawunsa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. Duk layi ne da da'ira da ƙulli, irin adon da ake yi wa allon sauka. Daji kuwa a cikin kayan aikin yake. Audugar daga gona, shunin daga baba, zaren adon kuma daga tsutsar da ke kiwo a kan tsamiya: a ɗebo gidanta, a dafa da toka, mata su kaɗa. Jan alharini ne kaɗai baƙo, shi ma raƙuma ke kawo shi daga Tarabulus ta hamada.

Sai jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, Turawa suka ware Tudun Wada a bayan ganuwa domin baƙin Arewa da ke zuwa neman aiki da ciniki. Kantuna suka cika da atamfa mai furanni, da zaren ulu kala-kala, da keken ɗinki. Makarantun 'yan mata suka shigar da aikin allura cikin darasi, har da ɗinkin gicciye wanda ake ƙirga idon yadi, a jera reshe da ganye ɗaiɗai. A ganina nan ne abin ya juya. Babbar riga ta ƙi karɓar fure, domin rigar sarauta da malanta ba ta son wasa. Ɗakin mace kuwa ya buɗe masa ƙofa. Rigar matashi, zanen gado, labule, mayafin rufe kwanuka, duk suka cika da furanni da tsuntsaye. Uwa kan fara tara wa 'yarta irin waɗannan tun kafin a sa rana, kuma ranar jere 'yan ganin ɗaki sukan duba kyan hannun kamar yadda suke duba kwalla da tasa.

Masana ma sun lura da wannan sana'a. David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi maɗinka gari-gari yana tattara zayyanarsu, ya kuma shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Lokacin nan shadda ta fara ture saƙi, kuɗin fetur ya ja samari zuwa makaranta da aikin albashi, zaure ya fara raguwa. Matan cikin Birni, waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa da ɗinkin hula, suka karɓi babbar riga suna yi a tsakar gida. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya ƙara tura su, don kuɗin aikin shi ke cika cefane. A 1994 wasunsu suka haɗu a ƙungiyar Queen Amina Embroiderers, suka sauko da dagi da tambari kan zanen gado da rigar matashi, wato adon maza ya shigo ɗakin da fure ya fara kamawa.

Yau tela a kasuwar Tudun Wada zai nuna maka reshe da ganye a waya, injin kwamfuta ya zuba maka shi a wuyan kaftani kafin la'asar, kuma samari na sawa ba kunya. Aikin yana da tsabta, ban musa ba. Amma kowane ganye tagwayen ɗan'uwansa ne, zaren kuma roba ce daga Sin. Masu dafa tsamiya sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma mai neman rigar hannu ta gaske dole ya shiga Birni ta Ƙofar Doka, ya biya kafin alƙalami, ya jira wata da watanni.