Tagulla da tsadar layin dogon lambu: gadon da kamfanin Lehmann ya bari

Muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu shimfiɗa ƙananan jiragen ƙasa a lambunan gidajensu a Turai da Amurka ita ce ta tsadar layin dogo, domin sau da yawa kuɗin ƙarafan da za su kewaye lambu yakan zarce kuɗin jirgin da zai bi ta kansu. Da yawa suna ɗora laifin a kan kamfanin Märklin, wanda ya sayi samfurin ƙananan jiragen LGB a 2007, amma asalin lamarin ya girmi wannan ciniki da kusan shekara arba'in.

Kamfanin Ernst Paul Lehmann, wanda aka kafa a Brandenburg a 1881 don ƙera kayan wasan yara na gwangwani, ya koma Nuremberg bayan da hukumomin gabashin Jamus suka ƙwace masana'antarsa bayan yaƙin duniya na biyu. A can ne 'yan'uwa biyu, Wolfgang da Eberhard Richter, suka fito da jirgin da suka kira LGB a 1968, tare da kan jirgi mai suna Stainz, bisa ma'aunin 1:22.5, ma'ana kowane tsawo na jirgin gaske an rage shi sau ashirin da biyu da rabi. Faɗin layin, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu, milimita 45 ne, kuma ba sabon abu ba ne, tunda Märklin ya daɗe yana amfani da shi. Sabon abu shi ne nufin a bar layin a waje, rana ta buge shi, dusar ƙanƙara ta rufe shi, yara su taka shi.

Wannan nufi ne ya sa suka zaɓi tagulla, wadda haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, ba ta tsatsa kuma tana ɗaukar wutar lantarkin da jirgin ke sha ta ƙafafunsa. Suka kuma yi ƙarfen da kauri, abin da masu harkar ke kira lamba 332, wato tsayinsa kashi 332 cikin dubu na inci ɗaya. Idan aka mayar da wannan tsayi ga ma'aunin gaske, zai kai kusan milimita 190, ya fi ƙarfen manyan layukan dogo na Turai, alhali kuwa ƙananan jiragen ƙauye ne ake kwaikwayo. Kamfanin bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba, har ma ya yi talla da giwa tana taka layinsa. Da yake LGB ne ya buɗe kasuwar, kamfanonin da suka biyo baya, irin su Aristo-Craft na Amurka, sai suka riƙe kaurin nan don layinsu ya haɗu da nasa.

Saboda haka hujjar masu zargin Märklin ba ta da ƙarfi. Farashin jan ƙarfe a kasuwar duniya ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 kowane tan a 2003 zuwa sama da dala 8,000 a 2006, shekarar da kamfanin Lehmann ya durƙushe, kuma layin da kusan duk nauyinsa tagulla ce dole ya bi wannan farashi ko a hannun wa kamfanin yake. Aristo-Craft ma, da ke ƙera nasa a Sin inda aikin hannu ke da araha, bai tsira ba, ya rufe a ƙarshen 2013.

Waɗanda suka sami sauƙi su ne waɗanda suka rabu da lantarkin layi. Jirgin da ke ɗauke da batirinsa, ko wanda tururi na gaske ke turawa, ba ya buƙatar ƙarfe mai ɗaukar wuta, don haka alminiyam mai lamba 250, wanda ya fi siranta kuma ya fi araha, ya wadatar, ko da yake yana lanƙwashewa idan an taka shi da ƙarfi. Layin baƙin ƙarfe mai kogo da ke zuwa cikin akwatunan jiragen kamfanin Bachmann ya fi kowanne sauƙin kuɗi, sai dai damina ɗaya ta isa ta sa tsatsa ta cinye shi. Masu son tagulla kuwa sun karkata ga gwanjo, inda tsohon layin LGB da ya yi baƙi don daɗewa ke komawa aiki da zarar an goge samansa.